Darasin kiwon lafiya: Ciwon baya da ciwon wuya

Babu garin da ba a kukan ciwon baya. Manomi yana kuka da shi lokacin noman farko. Mace tana kuka da shi bayan daka da jan ruwa. Tela da baduku da malami mai rubutu, su kuma wuya ne yake damunsu. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙugu a duniya. Babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki.

A karkara abin ya fi tsanani. Damina ba ta jiran kowa. Manomin da ya kwanta kwana 20 lokacin noma, haki ya cinye gonarsa. Wani ya sayar da akuya ko hatsin rumbu don sayen maganin da ba shi da amfani. Wani kuma ya zauna gida yana shafa mai, alhali ciwonsa na gaggawa ne. Wannan darasi zai nuna abu 3: abin da yake kawo ciwon, yadda za a yi da shi a gida, da alamun da suke sa a tafi likita ba da jinkiri ba.

1. YADDA ƘASHIN BAYA YAKE

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, wani bisa wani, tun daga ƙeya har zuwa mazaunai. Guda 7 suna wuya. Guda 12 suna gadon baya, inda haƙarƙari ya kama. Guda 5 suna ƙugu, su ne manya. Sauran 9 suna can ƙasa, yawancinsu sun manne da juna.

Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai guringuntsi mai taushi. Aikinsa irin na gammo ne tsakanin kai da tulu: yana rage nauyi, yana hana ƙashi ya goga ƙashi. Cikin jerin nan akwai rami inda laka ta bi. Daga lakar ne jijiyoyi suke fita zuwa hannuwa da ƙafafu. Tsoka kuma ta kewaye ƙashin tana riƙe da shi, kamar igiyoyin da suke riƙe da rumfa.

Baya yana da ƙarfi ƙwarai. An halicce shi don duƙawa da miƙewa da ɗaukar kaya. Abin da ba ya so shi ne a bar shi wuri guda ya daɗe, ko a aza masa nauyin da bai saba ba farat ɗaya.

2. MINE NE YAKE KAWO CIWON?

Cikin mutum 10 masu ciwon ƙugu, kusan 9 ba su da karaya, ba su da wata muguwar cuta. Tsoka ce ta gaji, ko gaɓa ta ƙage. Irin wannan ciwo yana da zafi, wani lokaci har mutum ya kasa miƙewa. Amma yawan zafi ba ya nufin wani abu ya lalace a ciki. Yawancin masu shi suna samun sauƙi sosai kafin mako 6.

Ga abubuwan da suka fi tayar da shi:

Duƙawa mai tsawo. Noma da kwashe, tsinkar wake, roron gyaɗa, wanki a ƙasa, shara da gajeren tsintsiya.

Kaya mai nauyi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Ke nan bidon mai lita 25 kilo 25 ne. Buhun taki kilo 50 ne. Babban buhun hatsi kilo 100 ne.

Shiga aiki da ƙarfi bayan hutu. Mutum ya yi rani bai taɓa hauya ba, ruwan shuka ya sauka, ya wuni gona tun asuba. Kashegari ƙugu ya riƙe.

Sunkuyar da kai. Kan babban mutum kusan kilo 5 ne, wato kamar tiya 2 ta hatsi. In kai yana tsaye, wuya ba ya jin nauyinsa. In an sunkuya, nauyin da tsokar wuya take riƙewa ya ƙaru ninki-ninki. Ga dalilin ciwon wuya wajen masu ɗinki, masu saƙa, masu rubutu da masu kallon salula.

Jijjiga. Doguwar tafiya bisa babur, amalanke ko raƙumi a muguwar hanya.

Damuwa da rashin barci. Mai tunanin bashi ko cimaka, tsokar wuyansa da kafaɗunsa a ɗaure suke. Ciwon yana ƙaruwa, yana kuma daɗewa. Shan taba ma yana ƙara shi.

3. IN CIWO YA TASO, MI ZA A YI?

Da can ana cewa mai ciwon baya ya kwanta har ya warke. Yanzu likitoci sun gano doguwar kwanciya ƙara ciwon take yi. Tsoka tana yin rauni, gaɓoɓi suna ƙagewa. In zafin ya yi yawa, a huta kwana 1 ko 2. Ko cikin kwanakin nan a riƙa tashi ana zagaya tsakar gida.

A ci gaba da ƙananan ayyuka. A je masallaci, a je kasuwa, a duba dabbobi. A ajiye aiki mai nauyi na ƴan kwanaki, sannan a koma masa kaɗan-kaɗan. Yau kunya 5, gobe kunya 8. Ba sai zafi ya ƙare ƙaf ba kafin a koma gona. Ɗan zafi lokacin motsi ba ya ɓata komi.

A gasa wurin. A tsoma tsumma cikin ruwa mai ɗumi, a matse, a aza bisa wurin kamar minti 15. A fara gwada ɗumin da hannu don kada a ƙone.

A yi tausa mai taushi da man kaɗe ko man gyaɗa. Kada a sa yaro ya taka bayan mutum da ƙafa. Kada a bari wani ya murɗe wuya da ƙarfi don ya yi ƙara. Akwai manyan jijiyoyin jini a wuya.

A gyara kwanciya. Mai kwanciya a gefe ya ɗan tanƙwashe gwiwoyi, ya sa zane naɗaɗɗe tsakaninsu. Mai kwanciya rigingine ya sa zanen ƙarƙashin gwiwoyi. Matashin kai ya cike tsakanin kunne da kafaɗa kawai: kada ya yi tudu, kada ya yi ƙasa. Kwanciya rub-da-ciki tana murɗe wuya dare guda. Gadon da ya lotsa a tsakiya, a ja igiyarsa ko a sake karansa.

4. MOTSA JIKI GUDA 6

Waɗannan ba su bukatar kuɗi. Tabarma ta isa. A yi su safe da marece, sannu-sannu, ana numfashi. In wani ya sa zafi ya harba cikin ƙafa ko hannu, a bar shi.

Na 1. A kwanta rigingine. A kama gwiwa ɗaya da hannu biyu, a jawo ta wajen ƙirji. A ƙirga 10. A sake da ɗayar. Sau 5 kowace ƙafa.

Na 2. A kwanta rigingine, gwiwoyi a tanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. A ɗaga mazaunai sama. A ƙirga 5, a sauke. Sau 10.

Na 3. A durƙusa bisa hannuwa da gwiwoyi kamar mai rarrafe. A tura baya sama, a ƙirga 5. A sake shi ya lotsa ƙasa, a ƙirga 5. Sau 10.

Na 4. A miƙe tsaye. A dafa ƙugu da hannu biyu, a ɗan lanƙwasa ta baya, a dawo. Sau 5. Wannan shi ne na cikin gona.

Na 5. A zauna tsaye. A ja haɓa ciki wajen maƙogwaro, ido yana kallon gaba. A ƙirga 5. Sau 10.

Na 6. A juya kai dama a hankali, a juya hagu. A ɗaga kafaɗu, a kai su baya, a sauke. Sau 10.

Tafiya da ƙafa ma magani ce. Wanda aikinsa na zaune ne, ya yi tafiyar rabin awa kullum. Ciwon baya yana son komowa. Mai motsa jiki kullum, nasa ba ya yawan komowa.

5. MAGANAR ƘWAYOYI

Parasetamol yana ɗan rage zafi ga wasu. Babban mutum yana iya shan ƙwaya 2 masu lamba 500, sau 3 a yini. Kada a wuce haka sai da izinin ma'aikacin lafiya, don yawansa yana lalata hanta.

Ibuprofen da diklofenak sun fi rage zafin baya, amma suna cin ciki, suna taɓa ƙoda. Mace mai ciki kada ta sha. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da tsoho su tambayi anfirmiye tukuna. Ba a shan su da yunwa. Ba a haɗa biyun. Ba a wuce ƴan kwanaki ana sha.

Taramol babban haɗari ne. Samari da yawa suna shan sa don su yi noma ba gajiya. Yana ɓoye zafi, mutum ya yi ta aiki har ya ji wa kansa. Yana kama mutum ya kasa bari. Yana sa faɗuwa kamar farfaɗiya, yana kuma kisa. A shekarar 2023 OMS ta fitar da shawarwari game da ciwon ƙugu mai daɗewa. Ta ce kada a riƙa ba masu shi irin waɗannan ƙwayoyi masu bugarwa. Ta ce ɗamarar ƙugu da jan ƙashin baya da na'ura ba su cikin abin da ya kamata a riƙa yi. Abin da ta sa gaba shi ne fahimtar ciwon da motsa jiki.

Masu tallan magani a kasuwa sukan ƙulla ƙwayoyi iri-iri cikin leda ba suna. Wasu suna ƙunshe da deksametazon. Yana sa zafi ya lafa, amma daga baya fuska ta kumbura, ƙashi ya yi rauni, sukari ya hau. Magani a saye shi a likita ko a farmasi.

Ƙaho da tsaga da sakiya ba su kai ga tushen ciwon. Askar da aka yi wa mutum biyu aiki da ita tana iya ɗaukar ciwon hanta da sida daga wani zuwa wani. Rauni mai dauɗa kuma ƙofar tetanos ne.

Hoton ƙashi, wato radiyo, yawancin masu ciwon baya ba su bukatarsa. Lokotoro ne zai faɗi wanda ya kamata a yi wa.

6. ALAMUN DA BA A JIRA

Wannan shi ne sashi mafi muhimmanci. A karanta shi ga waɗanda ba su iya karatu ba.

Wuya ya sanƙare tare da masassara. In mutum yana da zafin jiki, da ciwon kai mai tsanani, da amai, ya kasa kai haɓa ga ƙirji, a yi zaton sanƙarau. Ga jariri, maɗiga tana kumbura, yana ƙin nono. Sanƙarau yana yawa daga lokacin ɗari zuwa bazara, yana iya kisa cikin kwana 1 ko 2. A shekarar 2015 ya kama fiye da mutum 8.000 a Nijar, fiye da 500 suka rasu, Yamai tana cikin wuraren da abin ya fi tsanani. Kada a tsaya gashi ko tausa. A tafi likita nan take, ko da dare ne.

Wuya da muƙamuƙi sun ƙage bayan rauni, ko bayan haihuwa. Baki ya ƙi buɗuwa. Wannan alamar tetanos ce.

Faɗuwa. Wanda ya faɗo daga itace, raƙumi, babur ko cikin rijiya, yana kukan wuya ko baya, kada a zaunar da shi. Kada a aza shi bisa babur. A kwantar da shi bisa ƙyaure ko katako, mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya motsa, a ɗauke shi haka nan. Kada a fara kai shi wurin mai ɗori. In ƙashin da ya karye ya taɓa laka, mutum yana iya shanyewa har abada.

Ƙafa ko hannu ya mutu. Mutum yana jan ƙafa, ko abu yana faɗuwa daga hannunsa, ko rauni yana ƙaruwa kullum.

Fitsari ko kashi ya ƙi fita, ko yana zuba ba a sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓawa. Wannan aikin babban asibiti ne a ranar.

Ciwon baya da rama, da gumin dare, da masassarar da ta ƙi ƙarewa. Ƙwayar tarin huka tana iya cin ƙashin baya, har ƙusumbi ya fito, ko da mutum ba ya tari. Tana da magani, ana shan sa wata da watanni. In an fara da wuri, baya ba ya karyewa. Makiyaya kuma su lura: akwai cutar da take sa dabbobi ɓari, tana kama mutum ta ɗanyen nono, tana kawo masassara da ciwon ƙugu. A tafasa madara kafin a sha.

Ciwo a gefen ƙugu da masassara, da zafin fitsari ko jini cikin fitsari. Wannan yana iya zama ƙoda ko tsargiya.

Mace mai ciki. Ciwon baya da juna biyu abu ne sananne. Amma in yana zuwa yana lafawa kafin watanni su cika, ko da jini, ko da zubar ruwa, ta tafi wurin awo ba jinkiri.

Yaro mai amosanin jini, in ciwon baya ko ƙasusuwa ya taso masa, a ba shi ruwa da yawa, a kai shi likita.

Ban da waɗannan, duk ciwon da ya kai mako 6 bai ragu ba, ko wanda yake hana barci kowane dare, a kai shi a duba.

7. RIGAKAFI A GONA DA GIDA

Ɗaukar kaya. A matso kusa da kayan. A buɗe ƙafafu. A tanƙwashe gwiwoyi, a rungumi kayan jikin ciki, a tashi da ƙarfin cinyoyi. In za a juya, a juya da ƙafafu. Kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu. Tun shekarar 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara kada ƙato ɗaya ya ɗauki kayan da ya wuce kilo 55. Buhu mai kilo 100 na mutum biyu ne, ko a raba shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kayan kai. A sa gammo mai kauri. A nemi wanda zai aza, a nemi wanda zai sauke. Yawancin ciwon wuya wajen azawa da saukewa ake samunsa. Mai goyo ta rage kayan kai. Ƙananan yara kada a aza musu bidon mai lita 25. Ƙaramin bokiti ya ishe su.

Noma. Inda ƙasa jigawa ce, hauyar tsaye tana hutar da baya. Mai noma da kwashe ya miƙe a ƙarshen kowace kunya, ya yi motsi na 4. A sa wa hauya ƙota daidai tsawon mai ita. A wasa ta, don dakusasshiyar hauya ƙarfi biyu take ci. Kwanakin farko na damina a fara da rabin wuni.

Rijiya. A sa ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya. Ƙaramin guga sau biyu ya fi babba sau ɗaya. A riƙa karɓar juna.

Daka. A tsaya kusa da turmi, gwiwoyi a sake. Taɓarya ta dace da ƙarfin mai ita. Mata biyu su yi lugude, ko su karɓi juna.

Wanki da girki. A aza kwanon wanki bisa kututture ko benci, ko a zauna bisa kujera. A ɗaura wa tsintsiya sanda.

Zama. Tela da mai rubutu su tashi kowane rabin awa. A ɗaga allo ko littafi kusa da ido. Ko a ajin yaƙi da jahilci, malami ya ba da minti 2 a miƙe a juya wuya.

8. AIKIN GARI DUKA

Wani nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Mace ita ce ɗaukar ruwa, ita ce itace, ita ce daka, ga goyo. Maigidan da yake da amalanke ko jaki, ya ɗauko bidon 6 a tafiya ɗaya, ya hutar da matarsa tafiya 6. Ƙungiyar mata tana iya tara kuɗi don injin niƙa. Kwamitin ruwa ya gyara famfo da wuri in ya lalace. Wanda ciwo ya kayar cikin damina, a yi masa gayya. Gonarsa ta tsira, shi kuma ba zai nemi taramol ba.

ABIN DA ZA A RIƘE

Yawancin ciwon baya da wuya yana warkewa da kansa.
Motsi yana taimakonsa, doguwar kwanciya tana ƙara shi.
Kada a sayi ƙwayoyi marasa suna.
Sanƙarar wuya da masassara, faɗuwa, mutuwar ƙafa, riƙewar fitsari: sai likita a ranar.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Ƙasusuwa nawa ne a wuya? Nawa ne a ƙugu?
2. Don mi doguwar kwanciya ba ta da kyau ga mai ciwon baya?
3. Yaya ake bambanta ciwon wuya na gajiya da sanƙarau?
4. Yaya ake ɗaukar wanda ya faɗo daga itace?
5. Wane aiki ne ya fi kawo ciwon baya a wannan gari? Mi za a iya sakewa a cikinsa?

LISSAFI

1. Mace tana ɗauko bidon 6 a yini, kowane lita 25. Kilo nawa take ɗauka a yini? Kilo nawa a kwana 7?
2. Buhu mai kilo 100 yana cin tiya 40. An raba shi kashi 4 daidai. Kowane kashi kilo nawa ne? Tiya nawa ne?

Kowane ɗalibi ya koya wa mutum 2 na gidansu motsa jikin nan guda 6 kafin darasi mai zuwa.